Daga Event-B zuwa kod: ina kuskure ke shigowa?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a nan Kaduna, ajin ƙarshe. A furojet ɗina na tsara asusun mai POS da Event-B, wato hanyar tsara manhaja da lissafi kafin a rubuta kod, hujjojina na cewa tsarin daidai yake duk sun wuce a Rodin, manhajar da ke tantance su. Wai akwai manhajar da za ta juye min shi zuwa kod kai tsaye? Kuma in ta juye shikenan ba kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, ba kowa ke jure wa Rodin ba. Eh akwai, manhajar EventB2Java tana fitar da kod na yaren Java haɗe da sharuɗɗan JML, wato yaren rubuta sharuɗɗan da kod ɗin Java zai cika. Mashin ɗinka, wato tsarin da ka rubuta a Event-B, ya koma kilas, wato rukunin kod a Java, dokar da ka sa cewa kuɗin asusu ba za su yi ƙasa da sifili ba ta koma invariant, wato sharaɗin da dole ya tabbata a kowane lokaci, abin da ya wajaba kafin a kira metod (wato guntun kod mai yin aiki ɗaya) shi ne requires, alkawarin da ya ɗauka bayan ya gama kuma ensures. Wannan tsarin yarjejeniya Bertrand Meyer ne ya kafa shi a yaren Eiffel tun shekarun 1980.

Amma batun "shikenan" ɗin nan, a'a wallahi. Ka lura da guard sosai, wato sharaɗin da sai ya cika kafin event, kamar cire kuɗi, ya faru. A Event-B in kwastoma ya nemi cire dubu 50 alhali dubu 20 ce a ciki, event ɗin kawai ba zai faru ba, ba wanda ya yi laifi, amma da zarar ka mayar da guard ya zama requires to ka ɗora nauyin a wuyan mai kiran metod ɗin, in ya kira ba tare da ya duba ba ya karya yarjejeniya, kuma JML ɗin ba ya tsaron komai sai ka bi shi da manhajar da ke duba sharuɗɗan, irin su OpenJML. Nan ɗalibai suka fi zamewa.

Sai lambobi. A lissafinka na Event-B ba su da iyaka, int, wato nau'in lamba na Java, kuwa a 2,147,483,647 yake tsayawa, in da kobo kake ƙirga ka ga naira miliyan 21 da 'yan kai ta cika shi. Irin wannan ambaliyar lamba ce ta halaka rokar Ariane 5 a 1996, wajen cusa lambar bit 64 cikin bit 16.

Don haka ka sa iyakar kuɗin a cikin invariant tun a Rodin, ka sake hujjojin, sannan ka juye. In kod ya fito ka gwada cire kuɗin da suka fi na asusun ka ga me zai yi, ka rubuta sakamakon a babin gwajinka.