Injin CNC ɗin da ka haɗa da hannunka: gyara ko ƙarin kaya?

Tambayar wannan makon ta fito daga wani matashin kafinta da ke Aboabo a Kumasi. Shekara uku da suka wuce ya haɗa wa kansa injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, don sha'awa kawai: gangar jiki ta filawud, ƙananan motocin tuƙi da ake kira sitefa samfurin NEMA 17, bel, allon lantarki na Arduino mai manhajar GRBL da ke ba injin umarni, sai ƙaramar rauta Makita a matsayin kan yanka. Da tafiya ta yi tafiya abin ya zama sana'a. Yana yanka allunan suna, da ayoyin da ake ratayawa a falo, da alamomin Adinkra ga masu sayar da kayan tsaraba, ya ce yana samun kusan sidi 4,000 a wata. Yanzu injin ya fara ba shi ciwon kai. Da'ira ba ta fitowa daidai, aiki yana gocewa a tsakiya, cikin allo biyar sai ɗaya ya lalace. Ya kwashi susu, wato adashi, sidi 9,000 na hannunsa. Ya ce, ya gyara ne, ko ya sayo sifindil, wato babban kan yanka, mai ƙarfin kilowat 2.2 ya kuma faɗaɗa teburin don ya riƙa karɓar aikin ƙofofi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gyara. Kada ka sayi sifindil ɗin nan yanzu, kada kuma ka faɗaɗa teburin. Ga dalilina.

Duk abin da ka lissafa, babu ɗaya da ke nuna ƙarancin ƙarfin kan yanka. Da'irar da ba ta haɗuwa daidai tana nuna akwai sako-sako a wani wuri: bel ya saki, ko ƙaramin sukurun da ke riƙe fuli a kan sitefa ya kwance, ko tayoyin da gadar da ke ɗauke da kan yanka ke gudu a kansu sun cinye. Gocewar aiki a tsakiya kuwa sitefa ce ke tsallake taku. Wannan yakan faru idan direbanta, wato ɗan allon lantarkin da ke ba ta wuta, ya yi zafi, ko bakin yanka ya dakushe kana tilasta masa, ko ƙura ta cika hanya. Ƙananan direbobi irin A4988 da DRV8825 idan suka yi zafi sukan ɗauke na ɗan lokaci su dawo, GRBL kuma ba shi da hanyar sanin an rasa taku, ci gaba zai yi da yanka a inda bai kamata ba. A shagon kwano da tsakar rana, ba fanka a kan allon lantarkin, wannan ba abin mamaki ba ne.

Kafin ka kashe ko pesewa ɗaya, ka ba injin yini guda. Ka kunna shi sitefofi su riƙe, ka kashe rautar, ka kama bakin yanka ka tura shi gaba da baya, hagu da dama, ka ga inda motsin ke fitowa. In kana da sanayya da masu injin feƙe ƙarfe a Magazin na Suame, ka aro agogon awonsu, zai nuna maka abin da ido ba ya gani. Sannan ka yanka da'ira mai faɗin milimita 100 da murabba'i a guntun MDF, wato allon garin katako da aka matse, ka auna. In motsin daga bel da fuli da tayoyi yake, gyaran ƙaramin kuɗi ne. In kuwa ka ga gadar kanta tana lanƙwasawa, ko filawud ɗin ya kumbura a wajen noti, to ka san iyakar injin ke nan. Katako a Kumasi yana shan raɓa da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe, notin da ka ɗaure tamau a watan Yuni ka tarar da shi yana rawa a Janairu.

A nan sifindil ɗin ke zama matsala. Makitar da ke kai yanzu ba ta kai kilo 2 ba. Sifindil mai kilowat 2.2 da ake sanyayawa da ruwa ya kai kilo 5, ban da mariƙinsa da bututun ruwa. Ɗora shi a gadar filawud da NEMA 17 ke ja, tamkar ɗaura wa aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, injin tifa ne. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Sai da akwatin VFD da ke sarrafa gudunsa, da famfon ruwa, da waya mai sulke, da wayar ƙasa ta gaskiya, domin VFD yana watsa hayaniyar lantarki da ke tsinke haɗin USB na Arduino ana tsaka da aiki. Daga nan za ka ga sitefa ta yi kaɗan, ka sayo NEMA 23, su kuma su nemi manyan direbobi da sabon gidan wuta, bel ya kasa, ka koma neman sandar sukuru ta SFU1605 a madadinsa. Kowane sabon abu yana tona asirin na kusa da shi. Sidi 9,000 za su ƙare gangar jikin tana nan yadda take.

Faɗaɗa teburi ya fi wannan muni. Lanƙwasawar gada ba daidai da tsawonta take ƙaruwa ba. In ka ninka tsawon da kauri iri ɗaya, lanƙwasawar takan ninka har sau takwas. Aikin ƙofa kuma ba katakon wawa mai taushi ko MDF ba ne, odum ne da mahogani da sapele, katako masu tauri da tsada. Ƙofar odum ɗaya da ta lalace a hannunka za ta cinye ribar makonni, ga mai kaya da zai kai labarinka har kasuwar katako ta Sokoban.

Sai lissafin da masu sha'awar inji ba sa son yi. Ka ce kana samun sidi 4,000 a wata. In ka wargaza injin don sake gini, kana jiran kaya daga Sin, wani ya iso bai dace ba ka sake oda, wata ɗaya da rabi ba komai ba ne. Sidi 6,000 ke nan da ba su shigo ba, kuma kuɗin haya da na yaron shago ba sa jira. Ka haɗa da kuɗin jirgi da na kwastan, domin farashin da kake gani a waya ba shi ne farashin da kayan zai iso Aboabo ba. Lokacin da injin yake abin wasa, kwana nawa ya yi a wargaje ba ruwan kowa. Yanzu shi ke ciyar da gida.

Asarar da ke cinka a yau ita ce allo ɗaya cikin biyar. Katako, lokaci, wutar mita, duk sau biyu kake biya. In gyara ya mayar da shi ɗaya cikin ashirin, ka samu ƙarin riba ba tare da ka nemo sabon mai saye ko ɗaya ba. Don haka ka ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin susun ba. Sabon bel da fuli, tayoyi ko boris, gawayin rauta, fanka a kan allon lantarkin, da sababbin bakin yanka masu kyau. Mutane suna raina bakin yanka, alhali dakusasshen baki shi ke jawo rabin abin da ake ɗora wa inji laifinsa. In gadar na ɗan motsi, mai walda zai iya ƙarfafa ta da ƙarfen kwana ko bututu mai kusurwa huɗu a bayanta.

Akwai ƙari ɗaya da zan ce ka yi shi tun wannan makon: ƙananan makunnan iyaka a ƙarshen kowace hanya, waɗanda injin ke taɓawa ya gane gidansa, wato inda yake fara awo. GRBL yana karɓarsu, kuɗinsu kaɗan ne. Amfaninsu a ƙasar da ta san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a fili yake. Hukumar wuta ta ECG ta ɗauke wuta kana rabin ayar da ta ci awa uku, wuta ta dawo, injin ya koma gida ya sake samun wurin da ya faro, ka ci gaba a kan allon nan maimakon ka jefar. Ka haɗa da ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe wuta, na kwamfuta da allon lantarkin.

Bayan wannan, duk abin da za ka saya ka yi masa tambaya ɗaya: zai bi ni zuwa injin gaba? Direbobin DM542 da sitefa NEMA 23 za su bi ka. Injin zuƙar ƙura zai bi ka, ƙirjinka ma zai gode, don ƙurar MDF da ta odum ba abin shaƙa ba ne. Abin da aka yanka daidai da girman wannan gangar jikin kuwa a nan zai mutu. Na fi son ka ajiye wani kaso na kuɗin a irin waɗannan kayan da ka bar shi duka a MoMo, asusun kuɗi na waya. Mun ga 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, mai tara sidi don sayen kayan dala kullum sai ya ga kayan sun yi masa nisa. Amma bashi mai kuɗin ruwa don sayen sifindil, ko kusa.

Maganar ƙofofi kuma, kada ka kore su. Akwai masu manyan injinan Sin da ake kira 1325, masu teburin milimita 1300 da 2500, da ke ɗaukar cikakken allo mai ƙafa 4 da 8. Ka karɓi aikin, ka karɓi kafin alƙalami, ka zana a kwamfutarka, ka kai musu su yanka, ka yi gogewa da fenti ka ɗora ribarka. Zanen shi ne abin da ba kowa ya iya ba, musamman rubutun Larabci da ba a yarda a yi kuskuren ɗigo ɗaya. Ka yi yarjejeniya da mai injin tun farko kan wanda zai biya katako in yankan ya ɓaci, kuma kai za ka kai kayan da kanka, ba mai ƙofar ba.

Ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aikin da ka kai waje ko ka mayar: girmansa, irin katakon, da abin da ka biya mai injin. Bayan wata shida ka tara. In kuɗin da kake biyan masu 1325 a wata ya kusa abin da za ka iya zubawa a susu don sabon inji mai jikin ƙarfe, lokacin saye ya yi, kuma da masu sayenka a hannu za ka shiga. Wannan na filawud ɗin kada ka sayar, ba zai yi kuɗin kirki ba. Ka bar wa yaronka ya riƙa yanka allunan suna da roba mai haske a kai. Gyaran da za ka yi yanzu kuma ka sa shi a makon da aiki ya lafa, kada ka kwance ko noti ɗaya ana saura wata guda Sallah ko Kirsimeti.