Silinda a gefe ko goyo a baya?

Kun tambaya wanne ya fi ga mai nutso mai zurfi: goya silindar iskar numfashi biyu a baya, ko rataya su a gefe.

A goyo, bututu mai makulli a tsakiya ne ke haɗa silindun, galibi masu lita 12 kowacce, don haka regileta ɗaya, wato na'urar da ake shaƙar iska da ita ta baki, na shan iskar duka biyun. Matsalar ita ce bawul, wato abin buɗewa da rufe iskar silinda, suna bayan ƙeya. In iska ta fara yoyo, da lalube za ku rufe, kuma mai ƙagaggiyar kafaɗa ba ya kai hannu.

Ratayar gefe, wadda masu shiga kogunan ruwa a Birtaniya suka fara, tana ajiye bawul ƙarƙashin hammata, kuna ganinsa. Amma silindun ba a haɗe suke ba, sai kun riƙa sauya regileta duk bayan matsin iskar silinda ya ragu da bar (ma'aunin matsi) 30 zuwa 50, in ba haka ba gefe ɗaya ya rinjaya. Silindar alminiyom kuma gindinta na tasowa in iska ta ragu, sai a matso da ƙugiyarta gaba.

Ramin kogo matsattse, gefe ya fi. Nutso daga kwalekwale cikin igiyar ruwa kuwa, goyo ya fi saurin shiri.