Tambaya da Amsa: Libarba ga mai amosanin gaɓɓai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Houston ne a jihar Texas ta Amurka, shekaruna 66, ina da shago da nake rufewa da daddare. Doka ta ba ni damar riƙe ƙaramar bindiga a jikina, amma amosanin gaɓɓai ya kama mini yatsu, musamman babban yatsan dama. Ɗana ya ce in sayi libarba mafi rashin nauyi, wai ita ce mai sauƙi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba ka lafiya. Ɗanka ya yi gaskiya a gefe guda: libarba ba ta da murfin nan na sama da ake ja baya da ƙarfi kamar na fistol, sai gangar harsashi mai juyawa. Amma batun rashin nauyi, a nan ne masu ciwon hannu suka fi yin asarar kuɗinsu.

Duk lokacin da harsashi ya tashi, bindiga kan naushi hannun mai riƙe da ita, kuma nauyin ƙarfenta ne ke shanye wani ɓangare na naushin. Smith & Wesson 642 da Ruger LCR mai cin harsashin .38 Special duk nauyinsu kusan giram 400 ne. Suna da daɗin ɗauka a ƙugu, amma naushin nasu yana sauka daidai gindin babban yatsa, inda ciwonka yake. Wanda ya sha wannan azabar sau biyu ba zai ƙara zuwa atisaye ba, ga shi kuma zai fara ƙanƙance ido yana fizge hannu tun kafin harbi ya fita. Ta ƙarfe zalla ta fi maka: samfurin 640 na Smith & Wesson ya haura giram 600, Ruger SP101 kuma ta haura 700. Za ka buƙaci bel mai kauri da kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf.

Kunamar ita ce babbar jarrabawa. A ƙananan libarba, ja ɗaya ne ke juya ganga, ya ɗaga guduma (ƙarfen da ke bugun gindin harsashi), ya kuma sake ta, don haka yakan buƙaci ƙarfin da ya kai kilo 5 ko fiye. Ka je kantin, a tabbatar maka babu harsashi a ciki, kai ma ka duba da idonka, ka nemi izini, ka auna inda suka nuna maka, sannan ka ja sau goma a jere da dama, goma da hagu. Ka sa kunamar a lanƙwasar gaɓar farko ta manuniya, can ne ƙarfin yake, ba a kan tsinin yatsa ba. In bakin bindigar na karkacewa, ko sai ka haɗa da yatsa na biyu, ba taka ba ce. LCR, wadda ta fito a 2009, ta yi suna wajen santsin kunama, kuma samfurinta mai cin .327 ya ɗan fi na .38 nauyi.

Kada ka ce za ka riƙa ɗana guduma da babban yatsa don kunama ta yi laushi. Laushin yakan yi yawa ga mutumin da ke cikin firgici, sannan in ka fasa harbi dole ka sauke gudumar a hankali a kan harsashi mai rai, da yatsan da ba shi da ƙarfi. Haka nan kada a canza maka sifirin da mai rauni sosai, domin gudumar za ta daina bugun gindin harsashi yadda ya kamata, a wayi gari ka ja ta ƙi tashi. Wannan dalilin ne ma ya sa libarba mai cin .22 LR, duk da ba ta naushi, kunamarta ta fi tauri: irin harsashinta sai an buge shi da ƙarfi.

Harsashi kuwa, a .38 Special ka guje wa mai alamar +P (wato mai ƙarin ƙarfi), ka nemi mai shafaffen kai na atisaye mai nauyin giren 148 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Mu dai mun fi karkata ga .32 H&R Magnum. Naushinsa kaɗan ne, kuma ƙaramar ganga na ɗaukar shida a maimakon biyar. Bindigar .327 Federal Magnum tana cinsa, tana cin .32 S&W Long. Aibinsa tsada da wuyar samu.

Mariƙi ma a canza shi da na roba, irin na Hogue ko Pachmayr, mai rufe ƙarfen baya, mai tsawon da ƙaramin yatsa zai samu wurin zama. Ka gwada maɓallin buɗe ganga: na Smith & Wesson turawa gaba ake yi, na Ruger dannawa ciki, na Colt ja baya. Wajen zubar da kwanso, ka ɗaga bakin sama ka bugi sandar fitar da kwanso da ke gaban ganga da tafin hannu. Kuma kada yatsa ya kusanci gaban ganga lokacin harbi, wuta na fita ta wannan tsagar.

Filayen harbi da yawa suna ba da haya, ka gwada da malami kafin ka biya. In kunamar libarba ta gagara, ka duba fistol M&P 380 Shield EZ da aka ƙera a 2018 don masu raunin hannu. Ka tambayi likitanka ko maganinka na sa gyangyaɗi, ka kuma tanadi akwati mai makulli saboda jikoki.

Tambaya: Ni a Kaduna nake, zan iya neman lasisin irin wannan?

Amsa: Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Riƙe ta babu wannan izini laifi ne mai kai mutum gidan yari.