Shin Faɗaɗa Cikin Inji Zai Ƙara wa Mota Mai Turbo Ja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da mota Golf 4 ƙirar 2001, mai injin 1.8T da giyar hannu, wadda nake zirga-zirga da ita kullum tsakanin gidana a Tudun Wada da wurin aikina a Samaru, a ƙarshen mako kuma nakan je Kaduna. Abin da ke damuna shi ne, idan na taso daga cunkoson Kwangila, ko na so wuce tirela a kan hanya, sai in ji motar ta yi nauyi, ba ta amsa totur sai allurar juyin inji ta haura 3,000. Bakanikena ya ce a sauke injin a kai buloko wurin masu tana a yi masa borin, wato a faɗaɗa ramukan silinda, a sa manyan fistin, wai zai koma daidai da injin lita 2, ja ya ƙaru. Injin ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Shin wannan shawara tana kan hanya?

Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka bari a kwance ko da noti ɗaya, ya kamata mu yi lissafi, domin a nan ne shawarar bakanikenka ta fara samun tangarɗa.

Girman cikin inji yana fitowa ne daga abu uku: faɗin ramin silinda, da tsawon tafiyar da fistin ke yi daga ƙasa zuwa sama, da yawan silinda. Injinka yana da silinda 4, faɗin kowane rami milimita 81, tafiyar fistin kuma milimita 86.4, wanda ya ba da cc 1,781 (cc 1,000 shi ne lita ɗaya). Idan aka yi borin na rabin milimita, kamar yadda aka saba yi wa injin da ya gaji, za ka samu cc 1,803, wato ƙarin cc 22 kacal, wanda ko direban da ya fi kowa sanin motarsa ba zai ji shi a ƙafarsa ba. Idan aka matsa har milimita 83, inda masu wannan aiki suka saba tsayawa don kada bangon silinda ya yi siriri, za a samu cc 1,870, ƙarin kashi 5 cikin 100. Borin kaɗai ba zai taɓa mayar da wannan inji lita 2 ba.

Abin da ke mayar da shi lita 2 shi ne canza karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, wanda shi ke tsaida tsawon tafiyar fistin. Injin 2.0 marar turbo da Volkswagen ta sa a Golf 4 yana da karanshaf mai tafiyar milimita 92.8, kuma masu gyaran motocin gudu a Turai da Amurka sun daɗe suna ɗaukar irinsa su zaunar a bulokon 1.8T. Idan aka haɗa shi da rami mai faɗin milimita 83, ana samun cc 2,008, ƙarin kusan kashi 13 cikin 100. Ƙarfin juyi, wanda ku direbobi ke kira ja, yana bin yawan iska da man da inji ke ƙonawa a kowane zagaye, don haka injin da ke ba da Nm 210 (Nm ma'aunin ja ne) daga kamfani zai iya kaiwa wajen Nm 235, muddin matsin iskar turbo bai canza ba. Ƙari ne na gaske, amma sai ka ji abin da ke biye da shi.

Tafiyar fistin ta ƙaru da milimita 6.4, wato rabi a sama, rabi a ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, idan aka mayar da tsohon fistin da tsohon konrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) a kan sabon karanshaf, fistin zai ƙara hawa da milimita 3.2, ya leƙo saman buloko ya tunkari top silinda da bawuloli. Dole ne a sayo fistin da aka ƙera musamman don wannan haɗi, kuma ba kaya ba ne da za ka tsinta a cikin injinan Beljiyam na Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Odarsu ake yi daga waje da kuɗin waje. Fistin ɗin injin 2.0 ɗin kansa ba zai yi ba, domin ba a ƙera shi don zafin turbo ba, kuma samansa bai dace da top mai bawul biyar a kowace silinda irin naka ba. Na san akwai masu tana da za su ce a kawo fistin su aske masa kai. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, saboda kan fistin shi ne wurin da wuta ke dukansa, rage masa kauri kuwa rage masa kwana ne.

Sai kuma batun matsi, wanda shi ne ya fi damuna a ƙasarmu. Injinka yana matse iska da mai a kan 9.5 bisa 1. Idan aka ƙara girman silinda zuwa lita 2 amma ɗakin ƙonewa ya tsaya yadda yake, matsin zai haura zuwa wajen 10.6. A mota mai turbo, wadda dama an riga an tura mata iska da ƙarfi, wannan na sa mai ya riƙa fashewa da kansa ba a kan ƙa'ida ba, sai ka ji wani ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka totur a babbar giya. Wannan ba shi ne abin da kanikawa ke nufi idan sun ce inji ya buga ba, amma hanya ce mafi kusa zuwa can, domin yana fasa gefen fistin da ke riƙe ringi, yana ƙona gaskit. A Jamus mai mota zai zaɓi fetur mai oktan 98, wanda ya fi jure matsi, ya huta. A Zariya kuwa fetur iri ɗaya ne a famfo, abin da aka zuba maka shi za ka ƙona, ga zafin Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, iska mai zafi kuma ita ce abokiyar wannan fashewa. Saboda haka duk wanda zai yi wannan aiki a nan, fistin mai rage matsi zuwa wajen 9 ko ƙasa da haka ya kamata ya nema, tare da konrod masu ƙarfi, don na asali su ne ke fara lanƙwasa idan ja ya yi yawa a ƙaramin juyi. Bayan haka sai an samu wanda ya iya sake tsara burenbos, wato na'urar da ke sarrafa inji, da kwamfuta, ba mai goge lambobin matsala kawai ba, sannan kuloci ma zai nemi nasa haƙƙin.

To, wa ke cin ribar wannan aiki? Wanda ya ɗaura babban turbo. Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, babban inji kuwa ya fi fitar da hayaƙi a juyi ɗaya, don haka turbon da ba ya farkawa sai a juyi 4,000 a minti zai farka a wajen 3,500, kuma motar za ta fi kuzari a tazarar da turbo bai kama ba. Naka ƙarami ne, samfurin K03, wanda aka zaɓa don ya farka da wuri. Idan aka ɗora shi a kan lita 2, zai kai iyakar iskar da yake iya hurawa tun kafin allura ta yi nisa, ja ya ƙaru a ƙasa, ƙarfin doki na ƙoli kuwa ya tsaya kusan inda yake.

A nan ne na ga ainihin amsar tambayarka. Injin 1.8T mai doki 150 yana ba da cikakken jansa tun daga juyi 1,750 har zuwa 4,600. Motar da ba ta amsa totur sai ta haura 3,000 ba ƙarancin ciki ke damunta ba, akwai abin da ya lalace. Mota ce da ta haura shekara ashirin, robobinta sun sha rana da hunturu, kuma tsaguwa ƙarama a tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa intakula, mai sanyaya iskar turbo, ta isa ta zubar da matsin gaba ɗaya. A duba waɗannan tiyo ta hanyar toshe su a hura musu iska a saurari inda take fita. A duba bawul ɗin da ke mayar da iska idan an saki totur, domin robar cikinsa tana yagewa. A duba bawul ɗin lantarki mai suna N75 da ke sarrafa matsin turbo, da sensar auna iska da ke bayan filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke dakusar da ita, da katalis ɗin salansa idan ya toshe. Sannan a gwada matsin kowace silinda, a ɗaura agogon auna matsin turbo a fita da motar hanyar Funtuwa a ga ko matsin yana kaiwa wajen bar 0.6 da ya kamata (bar ma'aunin matsin iska ne). Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi 7 cikin 100, amma cike wannan giɓi yana cikin aikin lafiyayyen turbo, don haka ba uzuri ba ne.

Idan motar ta dawo hayyacinta kuma har yanzu kana son ƙari, sake tsara burenbos don ɗaga matsin turbo daga bar 0.6 zuwa wajen bar 1 yana ƙara iskar da ke shiga inji da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ninki biyu na abin da karanshaf zai ba ka, ba tare da an buɗe inji ba. Ko shi ma, da irin fetur ɗinmu, na fi son a tsaya ƙasa da haka, a tabbatar lagireto da fanka da intakula suna da tsabta, a riƙa canza baƙin mai na sintetik a kan lokaci. Shawarata ita ce, injin da ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, ka bar shi a rufe. Ranar da ya gaji har ya nemi a sauke shi, lokacin ne zancen karanshaf mai milimita 92.8 zai zama abin zama a tattauna.

TAMBAYA: Malam, injin motata mai turbo ya fara hayaƙi, an auna silinda an ce sai an yi borin na rabin milimita. Shin sai an taɓa burenbos bayan aikin?

Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya

AMSA: A'a, Malam, ba sai an taɓa ba. Bambancin bai wuce kashi ɗaya da 'yan kai cikin 100 ba, burenbos zai daidaita mai da kansa ta hanyar sensar salansa. Abin da za ka tsaya a kai shi ne fistin ya zama na injin turbo irin naka, kuma a kai wa mai tana fistin ɗin tun kafin ya fara yanka, ya auna kowane rami da nasa. Ka sa a duba turbon ma kafin a sauke injin, domin idan silinsa mai tare mai ya mutu yana zubar da baƙin mai cikin salansa, hayaƙin zai ci gaba ko bayan an gama borin.