Matashi Zai Iya Tsayawa Takara da Kuɗin Ubangida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekaruna 27, ina koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati. Matasan mazaɓarmu sun matsa mini in fito takarar majalisar jiha, domin wakilinmu sai lokacin zaɓe muke ganin ƙeyarsa. Wani abokin karatuna ya ce dimokuraɗiyya kafirci ce, kuma hadisi ya hana neman mulki. Kuɗin fom ba matsala, wani Alhaji ya ce zai saya mini ya kuma ɗauki nauyin kamfe, in dai zan dafa masa Alƙur'ani cewa ba zan saɓa masa ba idan na ci. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abu biyu ka kawo da suka tayar maka da hankali, na ukun kuma ka ambace shi a wuce, alhali shi ne ya tayar da nawa.

Ƙuruciya ba ta hana jagoranci, wannan babu saɓani. Usama ɗan Zaidu ya jagoranci runduna bai kai shekara 20 ba, Umar kuma yana zaunar da Ibn Abbas cikin dattawan Badar. Dokar ƙasa ma tun 2018 ta sauko da shekarun shiga majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Hadisin Abdurrahman ɗan Samura, wanda ya hana neman mulki, ingantacce ne, amma malamai sun ɗora shi a kan mai kwaɗayin kujera don kansa. Wanda jama'a suka tura, yana kuma ganin in ya janye wanda bai cancanta ba ne zai hau, Annabi Yusuf ya riga shi da ya ce a ɗora shi a kan taskokin ƙasa.

Maganar abokinka ce ke son a tsaya a kanta, don ta halaka samari da yawa. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce ayar da ta ce hukunci na Allah ne shi kaɗai, majalisa kuwa tana kafa doka, saboda haka shigarta tarayya ce da Allah. Ayar gaskiya ce, inda suka ɗora ta ne kuskure. Wanda ya ƙudurce cewa rinjayen ƙuri'a yana halatta abin da Allah ya haramta, wannan ya ɓata, ko ya shiga majalisa ko yana kwance a ɗakinsa. Musulmin da ya shiga yana riƙe da aƙidarsa, don ya rage zalunci ya tsare haƙƙin mutane, ina shi ina wancan? Annabi Yusuf a ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa ya yi aiki. Najjashi ya musulunta ya ci gaba da mulkin Habasha, mutanensa Kiristoci, bai iya zartar musu da shari'a ba, da ya rasu Manzon Allah (SAW) ya yi masa salla. Ibn Taimiyya, wanda su kansu suke yawan jingina da shi, ya halatta riƙe muƙami a ƙarƙashin azzalumai ga mai rage zalunci gwargwadon iko.

Sannan ka tambayi abokin naka: me ake yi a majalisar jiha? Yawancinsa kasafin kuɗi ne, da tantance kwamishinoni, da bin diddigin kuɗin asibiti da makaranta. Shari'ar da aka fara aiki da ita a Zamfara a shekarar 2000, ta hannun wa ta bi in ba majalisar jiha ba? Kuma idan mutanen kirki suka ƙaurace, kujerar ba ta zama wayam, wani ne zai hau. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba, amma wanda aka zaɓa kowa yake mulka. Mun kuma ga inda wannan kafirtawa ta kai mu a Maiduguri daga 2009. Ka yi masa nasiha da taushi, watakila karatu ne ya yi masa gajarta, amma kada ka ɗauki fatawa a wurinsa.

To, takara ta halatta gare ka. Rantsuwar Alhaji ce ba ta halatta ba. Kujerar amanar mutanen mazaɓa ce, ba taka ba ce balle ka jinginar da ita tun ba ka hau ba. “Ba zan saɓa maka ba” magana ce marar iyaka: gobe kwangilar rijiyar burtsatse ce da za a karɓi kuɗi ba a haƙa ba, jibi a ce ka yi shiru a kan wata ɓarna. Mai taimako don Allah ba ya neman a dafa masa Alƙur'ani. Idan ya yarda ya taimaka ba sharaɗi, kuma ka san dukiyarsa ta halal ce, karɓa babu laifi. Idan kuwa ka riga ka rantse ba ka faɗa mini ba, kada ka cika ta a cikin saɓo: ka warware, ka ciyar da miskinai 10 ko ka tufatar da su, in ba hali ka yi azumin kwana 3.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Doka ta ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe, to ka yi lissafin abin da iyalinka za su ci idan ka faɗi, kada kuma ka sayar da gonar gado don daliget. Samarin da ke bayanka kada ko ɗaya ya sha ƙwaya ko ya ɗauki gora da sunanka, alhakin yana wuyanka. Rabon taliya da atamfa don ƙuri'a cin hanci ne. Ni da za ka ji tawa, ka fara da shugabancin jam'iyya na gunduma ko kansila, ka koyi karanta kasafin ƙaramar hukumarku, mutane su gwada ka da ƙaramar amana tukuna. Ka yi istihara, ka kuma sanar da mahaifanka kafin su gani a fosta.

Allah ne mafi sani.