Yayana yana wankin ƙoda: ta yaya za mu nemi taimakon jama'a ba a zarge mu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Aboabo nake a nan Kumasi. Wata uku ke nan da likitoci a asibitin Komfo Anokye suka ce ƙodar yayana ta daina aiki, sai wanki. Tela ne, yanzu ko taka keke ba ya iyawa, mun kuma sayar da duk abin da zai sayu. Ƙawayena sun ce in ɗauki bidiyonsa a kwance in watsa a WhatsApp da lambar MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na waya. Ni kunya nake ji, ga tsoron a ce damfara ce. Roƙon ya halatta? Ta ina zan fara? In kuɗi ya ragu, yaya za mu yi da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya sa kaffara ce. Na daɗe ina aikin kula da walwalar majinyata, ina kuma cikin kwamitin taimakon masallacin unguwarmu, don haka na san irin nauyin da ke kanki.

Ki ajiye kunyar. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta roƙo ga mutum uku. Na ukunsu shi ne wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida cewa lallai ya shiga wani hali. Ki riƙe wannan maganar ta shaidu uku, don a kanta za a gina komai.

Amma kafin ki nemi ko sidi ɗaya, ki san ainihin abin da kuke nema. A 2023, lokacin da aka ce kuɗin wanki ɗaya a asibitin Korle Bu da ke Accra zai tashi daga sidi 380 zuwa 765, ƙasa ta ɗauki zafi, daga baya aka tsaya a kan 491. A wancan farashin, mai yin wanki sau uku a mako yana buƙatar kusan sidi 6,000 ke nan duk wata. Daga 1 ga Disamba 2024 hukumar inshorar lafiya ta fara biya wa masu kati kuɗin wanki a cibiyoyin da ta amince da su, a 2025 kuma gwamnati ta kafa asusun da ake kira MahamaCares domin cututtuka masu tsada irin su ƙoda da daji da zuciya. Saboda haka ki fara duba katin yayanki, in ya mutu a sabunta shi. Sannan ki je sashen wankin da ofishin walwalar majinyata, a faɗa miki baki da baki abin da katin ya ɗauke da abin da ya rage muku. Yawanci abin da ke karya iyali shi ne na gefe: allurar ƙarin jini, maganin hawan jini, gwaje-gwaje, aikin haɗa jijiya a hannu da ake kira fistula, kuɗin mota zuwa da dawowa, da cefanen gidan da mai nema ya kwanta. Ki rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ki fitar da na wata.

Ciwon ƙoda ba irin tiyatar da za a tara kuɗi sau ɗaya a yi a sallami mutum ba ne. Kowane wanki awa huɗu ne a jikin na'ura, jibi kuma a dawo, haka za a yi ta yi sai dai in an samu dashe. Bidiyo yana kawo kuɗi kwana uku ko huɗu, sannan wani bidiyon ya danne shi. Mutum 40 da za su ɗauki alkawarin sidi 50 duk ƙarshen wata, kamar zubin susu, wato adashi, sun fi muku amfani a kan taro guda mai yawa da ba za a maimaita ba. Ki nemo su cikin teloli abokan sana'arsa, matan makarantar Islamiyya, 'yan majalisar da yake zama, da dangin da ke Nima ko Madina. Mutum ba zai jure bayarwa wata bayan wata ba sai yana ganin inda kuɗinsa ke tafiya.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki sa lambarki ke kaɗai. A samu mutum uku: ɗaya daga gida, ɗaya wanda limami ya zaɓa, ɗaya daga ƙungiyar teloli ko matan unguwa. A ware layi guda wanda ba a sayen katin waya ko cefane da shi. A sayi littafin makaranta mai layi, shafin dama na abin da ya shigo, na hagu na abin da ya fita, a manna rasidin asibiti a ciki. Duk Juma'ar ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin a tura wa masu bayarwa. Gani ya kori ji.

Na ga abin da rashin wannan littafin ya jawo. An taɓa tara wa wani yaro kuɗin aiki a wani masallaci, aka zuba a wayar kawunsa, mutumin kirki mai sayar da kayan masarufi. Kuɗin shago da na yaro suka cakuɗe. Na tabbata bai ci ko kwabo ba, ƙila ma nasa ya shiga ciki, amma ranar da aka ce ya kawo lissafi ya tsaya yana ta latsa waya, gumi na zuba masa, ya kasa. Har yau ba sa ga maciji da uwar yaron. Abin da ya fi ci mini rai, da aka tashi tara wa wata mai jego bayan wata biyu, kwanon da aka zagaya da shi kusan wayam ya dawo. Ita ta biya bashin da ba ta ci ba.

Game da MoMo, ki lura da abu biyu. Mai turawa yana ganin sunan mai layi kafin ya sa lambar sirri, don haka sunan da ke jikin sanarwa ya zama shi ne wanda zai fito a waya, ki kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Macuta suna ɗaukar sanarwar gaskiya su goge lamba su sa tasu. Wannan laifin zamba ne a ƙarƙashin sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960, in kun gani ku kai wa 'yan sanda. Na biyu, kowane asusun MoMo yana da iyakar abin da zai riƙe, sai ku je ofishin kamfanin layin da katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, a ɗaga shi. An soke harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, a Afrilun 2025, amma kuɗin cirewa yana nan, a riƙa shigar da shi a littafi. In kuna da ɗan'uwa a Jamus ko Amurka da zai buɗe GoFundMe, shafin tara taimako a intanet, ku sani ba a cire kuɗinsa kai tsaye a Gana, ta asusunsa zai bi, shi ma ya riƙa turo lissafi.

Bidiyon kuwa, ni ban goyi baya ba. Magidanci ne, yana da 'ya'yan da za su girma su tarar da shi a intanet, ƙafafu a kumbure, roba a wuya. Ki tambaye shi tukuna, yardarsa ce gaba da ta kowa. Hotonsa a zaune cikin rigarsa, da takardar likita wadda aka rufe lambar fayil da sauran sirrinsa, da muryar limami yana shaida, sun isa.

Saura batun ragowa. Ku faɗi sharaɗin tun ranar farko, a rubuce: in Allah Ya ba shi lafiya ko Ya karɓi abinSa, za a biya bashin jinya, abin da ya rage a kai wa wani mai wankin ƙoda, ko a bar wa iyalinsa, duk wanda kuka zaɓa. Wanda ya bayar bayan ya ji sharaɗi ya yarda ke nan. Ku kuma raba zakka da sadaka a littafin. Yayanki ya cancanci zakka a matsayin mabuƙaci ko mai bashi, cikin kashi takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba, kuma zakkar da ya karɓa ta zama mallakinsa, in ya rasu ta shiga gado. Abin da aka bayar da sunan jinya kawai yana bin niyyar mai bayarwa. Ku zauna da limaminku a kan wannan tun yayanki yana iya sa baki.

Ke ma da sauran 'yan ɗakinku ku je a auna muku jini da sukari cikin makon nan, don hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma suna bin dangi. Ki gaishe mini da shi da jiki.