Baƙi da mai ruwan goro: ashe miji da mata ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Dadin Kowa, jihar Gombe. Da damina ɗalibaina suka nuna mini malam-buɗe-littafi biyu manne da juna a bayan aji, ɗaya baƙi mai fararen ɗigogi, ɗayan ruwan goro. Shin iri biyu daban suna barbara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yaran nan albarka, idonsu a buɗe yake. Yadda kika siffanta su, iri ɗaya ne, wanda masana ke kira Hypolimnas misippus. Baƙin shi ne namijin. In rana ta haska shi za ki ga shuɗi mai walƙiya ya kewaye fararen ɗigogin. Mai ruwan goron ita ce macen, kuma kayan jikinta na aro ne.

Je ki tsaya wajen tumfafiya da hantsi. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da ke shawagi a kanta a natse, kamar ba shi da abokin gaba, sunansa Danaus chrysippus. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin farin ruwan nan ya taru a jikinta, ya kuma zauna har bayan ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya haɗiye shi sai ya yi amai, daga ranar kuwa ko ya hango launin sai ya kauce. Macen da yaranki suka gani ba ta da wannan dafi, kamanninsa kawai ta ɗauko, tsuntsaye suna ƙyale ta. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, shi ya yi bayanin wannan dabara a 1862 bayan shekarun da ya yi a dajin Amazon.

To me ya sa namijin bai yi aron ba? Masana na ganin macen ce ta fi shiga haɗari: ciki cike da ƙwai, tashi da nauyi, ga yawan sauka kan ganye don ajiye su. Shi kuwa da launinsa mace ke shaida shi, da shi kuma yake tsare wurinsa, ya fatattaki duk namijin da ya gifta.

Ba kowane iri ne haka ba. Babban nan mai baƙi da rawaya da ke zagaya bishiyar lemo, namiji da mace kusan ba a rarrabe su. Na tumfafiya ma sai an ƙura ido: a fiffiken baya mace na da baƙin ɗigo 3 a tsakiya, namiji 4. Na huɗun wata 'yar jaka ce mai sinadarin ƙamshi da yake jan mace da shi.

Roƙona ɗaya, Malama, kada yara su riƙa cafkarsu da hannu. Garin nan da ke maƙalewa a yatsa ƙananan ɓawo ne da aka jera kamar jinka, su ne launin gaba ɗaya, kuma wanda ya goge ba ya sake fitowa. Su ɗauki hoto da waya, sannan su ƙirga ɗigogin a natse.